Layin da Baba Sanyi Ya Ƙi Taɓawa

Duk faɗin asibitin nan ba wanda ya san ainihin sunan Baba Sanyi in ba ofishin ma'aikata ba, su ma sai sun buɗe durowa. Laƙabin daga rigarsa ya samo shi. Mutum ne da zai fito daga gida rana tana dukan tsakar ka, jama'a suna tsiyayar gumi, shi kuwa ga shi nan da suwaita ruwan toka a kafaɗa kamar wanda aka yi wa albishir da ƙanƙara. Ba ciwo ba ne. Ɗakin aikinsa ne haka: ƙasan bene, bayan wurin wanki, ƙofar ƙarfe, ba taga, na'urorin sanyaya ɗaki biyu suna huci ba hutu. Shekara goma sha tara yana shiga ɗakin nan bakwai da kwata, ya rataye hula a ƙusa, ya ajiye filas ɗin shayi a kan wani tsohon kwali, sannan ya gaida na'urori ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwa fa ta sosai, irin wadda matarsa ba ta samu ba tun suna sababbin aure.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Ɗaukar fayil yake yi, daga ɗakin kati zuwa wurin likita, daga wurin likita zuwa ɗakin kati, har duga-dugansa suka haddace matakalar bene. Da aka kawo kwamfuta ta farko kowa ya ja da baya kamar an sauke maciji a ofis. Shi ya matsa, ba don jarumta ba, don kujerar gabanta ce kaɗai mai taushi a ɗakin. Ya zauna don ya huta, sai ya wayi gari shi ne masani. Daga nan kwas, daga kwas wani kwas, littattafai masu kaurin bulo, har ya zama mai kula da rumbun bayanan asibitin gaba ɗaya.

Bari a faɗi aikin, kada a ɗauka zaman banza dattijon yake yi a cikin firiji. Duk abin da aka rubuta a asibitin, sunan majiyyaci, sakamakon jini, maganin da likita ya rubuta, maganin da jikin wane ba ya ɗauka, duk yana shiga babbar na'ura guda, wadda masu sana'ar ke kira uwar garke. Shi Uwa kawai yake ce mata. Na'ura kuwa ba ta sallama in za ta mutu. Shi ya sa ake ajiye wasu a gefe, 'yan ko-ta-kwana, suna kwafe duk abin da Uwa ta rubuta, don ranar da ta faɗi ɗayarsu ta hau kujerarta. Uku ne. Ɗaya a ɗakinsa kusa da Uwa, ɗaya a ginin haihuwa, ɗaya a sabon gini tsallaken titi.

Kwafin kuma iri biyu ne. Akwai na yi-gaba-ina-zuwa: Uwa ta rubuta, ta ce wa nas an gama, 'yan kwafi su biyo baya yadda ƙafarsu ta kai. Sauri gare shi, amma in Uwa ta mutu a tsakani, abin da ba a kai ga kwafa ba ya tafi ke nan. Akwai kuma mai shaida. A wannan, Uwa ba za ta ce an gama ba sai wata daga cikinsu ta amsa cewa ita ma ta rubuta. Nas ta danna, Uwa ta rubuta, ta waiwaya ta ce kin samu, a ce na samu, sannan allon nas ya yi kore. In kowa lafiyarsa ƙalau, ƙiftawar ido ce.

Baba Sanyi ɗan mai shaida ne har cikin ƙashi, kuma da dalili. Shekara goma sha biyu da suka wuce, wata Litinin da hantsi, tsohuwar Uwa ta yi tari ɗaya ta mutu, ta tafi da rubutun minti arba'in. Ba wanda ya rasa rai, Allah Ya tsare. Amma shi ne ya bi ɗaki-ɗaki da littafin makaranta da biro yana tambayar nas-nas me suka rubuta tun safe, yana tambayar mai jego ko an riga an yi mata allura. Wata tsohuwa da aka sake ɗibar jininta karo na biyu ta dube shi ta ce, "Ɗana, na farkon kun sha ne?" Ya yi dariya a gabanta, ya sauka ƙasan bene ya rufe ƙofa. Tun ranar ya ce ba za a sake rubuta ko wasali a asibitin nan ba shaida ba.

To, a cikin fayil ɗin saitin Uwa akwai layi ɗaya, bai kai tsawon adireshin gida ba, inda ake rubuta sunayen waɗanda za ta jira, a jere. Wadda ke farkon layi ita ake jira. In ta ɓace ɗungurungum, a koma kan ta biyu. Amma fa sai ta ɓace. Muddin tana nan tana amsawa, ko da amsar tana jan ƙafa kamar mai zuwa wurin likitan haƙori, ita za a jira, sauran suna tsaye riƙe da tasu amsar ba mai tambayarsu. Kuma kowace na'ura sai ta gabatar da kanta da sunan da ke layin. Wadda ta zo da wani suna daban za a ba ta kwafi, amma ba za a karɓi shaidarta ba.

Masu hankali lamba suke sa wa na'urorinsu, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, su tafi cin abinci. Baba Sanyi sunayen 'ya'yansa ya sa, na gida, waɗanda ake ƙwala musu kira da su. Babbar Fitila, don ranar da aka haife ta wuta ta ɗauke a ɗakin haihuwa. Ta tsakiya Barkono, wannan ba ya bukatar bayani, duk wanda ya taɓa taka mata takalmi ya sani. Ƙaramar Auta. Ya jera su yadda suka zo duniya: fitila, barkono, auta. Na'urar da ke ɗakinsa ita ce Fitila, ita aka fara saya, shekararta goma sha ɗaya. A shekarun na'ura wannan kaka ce mai jikoki.

Ita kuwa Fitila ta jini da tsoka, shekara uku ke nan ba ta kira ubanta ba. Saura shekara ɗaya ta gama karatun haɗa magunguna ta zo ta ce ta gaji, ita gyaran waya take so, hannunta a nan yake. Baba Sanyi kuwa ya riga ya gaya wa duk asibiti, har da masu gadi, cewa 'yarsa ce za ta zauna a tagar kantin magani. Mijinta ma, maimakon ya taya suruki faɗa, sai ya saya mata akwatin sukudireba. Baba Sanyi ya miƙe tsaye a tsakar gida ya ce, "In kika ajiye karatun nan, kada ki ƙara kirana." Ya faɗa ne irin yadda maza ke faɗa, maganar kwana uku, a lallashe su su sauko. Ya manta taurin kan wa ta gado. Ta ɗauki maganar ɗungum ta sa a jaka, suka koma wani gari, ta buɗe shago. Uwarta take kira duk Lahadi, shi kuma ya zauna a falo ya buɗe jarida, shafi ɗaya na awa guda.

Saboda haka wuri ɗaya ya rage masa a duniya da zai kira Fitila a amsa. Kullum da safe sai ya tambayi Uwa su wa ke biye da ita, allo ya fito da layuka uku, na sama ya ce fitila, a gefe an rubuta ita ce mai shaida. Sai ya ce, "Yawwa," ya zuba shayi.

Ciwon ya fara a hankali. Koren da ke zuwa a ƙiftawar ido ya koma daƙiƙa biyu. Ya koma biyar. Kafin wata ya ƙare, nas za ta danna, ta gyara ɗankwali, ta tambayi ta kusa da ita ya yara, sannan allo ya ga dama. A ce daƙiƙa takwas ba komai ba ce, amma a ninka ta sau dubu a wuni a gani. Layin kantin magani ya fita baranda, ya zagaya bishiyar tsakar asibiti, ya kusa gaida masu gadi.

Abokin aikinsa, Mai Waya, wanda ya ja duk wata igiyar sadarwa da ke cikin silin asibitin kuma yake tafiya da tsani kamar tare aka haife su, shi ya fara faɗa. Sa'o'in juna ne, don haka ba ya tauna magana.

"Mutumina, babbar 'yarka ta tsufa."

"Ƙura ce."

"Makon jiya ma ƙura ce. Ka hure ta har ka yi atishawa sau tara, ina ƙirgawa."

"To wayarka ce."

"Wayata? Sau biyu na canja ta don kawai ka bar ni in sha ruwa. Faifan ajiyarta ne ke mutuwa, kai ma ka sani, kana jin ƙararsa kamar ana niƙa tsakuwa. Mai da ita ƙarshen layi, Barkono ta hau gaba. Aikin minti biyu, ko kashe Uwa ba sai an yi ba."

"Ƙanwa a gaban yaya?"

"Ƙarfe a gaban ƙarfe, malam. Ba rabon gado muke yi ba."

"Bari in ƙara dubawa."

Ya ƙara dubawa kwana goma sha ɗaya. Ya canja fanka. Ya matsar da ita kusa da sanyi. Ya rage mata wasu ƙananan ayyuka kamar yadda ake karɓe wa mai ciki tulu. Fitila ta ci gaba da amsawa, ba ta taɓa yin shiru ba ko sau ɗaya, sai dai amsar kamar daga ƙasan rijiya.

Ranar Litinin aka kira shi sama, ofishin Darakta, inda akwai taga har biyu. Sista Babba tana zaune, shugabar nas-nas, mace mai faɗin kafaɗa wadda likitoci ke gyara tsayuwa in sun ji takunta.

"Baba," in ji ta, "jiya wata mata ta kawo ɗanta da zazzaɓi, kafin ta kai taga yaron ya warke ya nemi abinci. Mun gode, sabon magani ne ka ƙirƙiro?"

"Ana kan aikin, Sista."

Darakta bai yi dariya ba. Ya tura masa wata takarda mai sheƙi. Wani kamfani ne daga waje, sun zo sun leƙa, sun ce abin mai sauƙi ne: a cire jiran nan gaba ɗaya, Uwa ta daina tambayar kowa, kuma su za su riƙa kula da komai daga ofishinsu, ba sai an ajiye mutum a ƙasan bene ba.

"Ranka ya daɗe, in aka cire jiran, ranar da Uwa ta faɗi…"

"Ranar da ta faɗi ban gan ta ba tukuna. Layi kuwa ina ganinsa ta tagar nan. Alhamis sha biyun rana zan sauko da kaina. In allo bai dawo yadda yake ba, zan sa hannu a takardar nan, kai kuma a nema maka tebur a ɗakin kati."

Ɗakin kati. Inda ya fara, da furfurarsa. Ya sauko matakala ya koma ƙasan bene.

Talata da yamma ya koma gida ya tarar da matarsa a baranda tana guga. Unguwa Malama take ce mata, don shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan aji uku, kuma har yau da muryar aji uku take yi wa mijinta magana. Ya zauna a kujerar roba ya kwashe labari ya gaya mata, ya yi ta zagaye-zagaye da faifai da fanka da saiti. Ta bar shi ya gama, ta juya hannun riga.

"Baban yara, wace ce a cikinsu ba ta da lafiya?"

"Tsohuwar."

"Tana da suna ai."

Ya dubi silifas ɗinsa.

"Na ce tana da suna."

"Ta ɗakina."

"Ikon Allah. Shekara uku bakinka bai iya faɗin sunan a gidan nan ba, ashe can kake kai shi kana ajiyewa a sanyi kada ya lalace." Ta dangwarar da dutsen guga. "Akwatin ƙarfe ne fa. Ba ni na haife shi ba, da na tuna."

"Ba za ki gane ba."

"A'a, ni ina zan gane, aji uku na tsaya. Amma ko a aji uku, in na ce wa ya san amsa, ba na tsayawa jiran wanda ya fi kowa tsawo. Za ka bari a mai da kai ɗaukar fayil da gwiwar nan taka mai kuka? Ni dai ba zan shafa maka man zafi ba, na gaya maka tun yanzu."

"Abinci fa?"

"Yana kicin. Shi ba ya jiran kowa."

Laraba da safe ya yi abin da a ganinsa dabara ce. Layin dai ba zai taɓa shi ba. Sai ya durƙusa bayan Fitila, ya ce mata, "Ki ɗan huta," ya zare igiyar da ta haɗa ta da Uwa. Uwa ta kira, shiru. Ta ƙara kira, shiru. Bayan minti guda ta haƙura ta juya ga ta biyu a layi, Barkono kuwa dama a tsaye take, kafin a rufe baki ta amsa.

Asibiti ya tashi kamar an cire masa ƙaya. Kafin azahar layin kantin magani ya koma mutum shida. Wata nas ta danna sau biyu don ba ta yarda an gama ba. Mai Waya ya leƙo da tsaninsa, ya ga igiya a ƙasa, ya ce, "Ba haka na ce ba, amma na karɓa." Har Sista Babba ta aiko masa da lemo mai sanyi, shi da ke zaune a cikin sanyi, a wurinta wannan lambar yabo ce.

Da mutumin nan ya bar abin haka, da labarin ya ƙare a nan, kowa ya tafi gida. Amma Alhamis bakwai da kwata ya rataye hula, ya tambayi Uwa su wa ke biye da ita, allo ya fito da layuka biyu. Barkono a sama, Auta a ƙasa. Ya zuba shayi bai ce yawwa ba. Ya dubi allon, ya dubi kusurwa inda Fitila ke zaune ita kaɗai, fankarta tana juyawa, ba wanda ke gaya mata komai. Duk abin da ya faru a asibitin tun jiya, haihuwa bakwai, tiyata uku, ba ta san ko ɗaya ba. Ya sha shayi. Ya tashi ya goge teburin da ba ƙura. Ya dawo ya sake tambayar Uwa, kamar amsar za ta canja.

Ƙarfe tara ya zauna ya yi lissafi, irin lissafin da mutum ke yi bayan ya riga ya yanke shawara. Rubutun kwana guda cur ta rasa. Uwa ba za ta mai da ita kujerar shaida ba sai ta kamo duka. Da wannan faifan nata, in ji shi, sai dare ko gobe. Darakta zai zo sha biyu, ya ga kore, ya tafi. Daga baya a san abin yi. Ya durƙusa ya mayar da igiyar. Layuka suka koma uku. Ya ce, "Yawwa."

Abin da ya manta, shi da ya fi kowa sani, tsohuwar amsa ɗai-ɗai ce ke ba ta wuya. Haɗiye abu a dunƙule kuwa har yanzu ta iya. Ta sa kai ta yi ta zuƙa. Sha ɗaya da minti ashirin ta kamo. Uwa ba ta san Darakta ba, ba ta san Alhamis ba, layi kawai ta sani: ta ga ta farko ta dawo, ta ce wa Barkono matsa. A sama, allo ɗari da wani abu suka daskare a lokaci guda, ranar asibitin masu ciwon suga, ranar da baranda ta fi cika.

Ba a jira sha biyu ba. Ƙofar ƙarfe ta buɗe, Sista Babba ta shigo, Darakta a bayanta da takarda mai sheƙi, Mai Waya a bayansu ba tsani, abin da ba a taɓa gani ba.

"Jiya lafiya lau," in ji Darakta. "Me ya faru yau?"

Baba Sanyi yana iya cewa ƙura. Yana iya cewa waya, Mai Waya ma da ya rufa masa. Sai ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Jiya na cire wadda ke jawo jinkirin. Yau na mayar da ita."

"Ka mayar? Don me?"

Sista ta matso ta sunkuya kan allon, ta ɗaga tabarau, ta karanta sunayen uku a hankali. Shekara ashirin suna aiki tare. Tana cikin waɗanda aka yi wa alkawarin 'yar da za ta zauna a tagar magani. Ta miƙe ta sauke tabarau.

"A ba ni minti biyu," in ji Baba Sanyi.

Ya buɗe fayil ɗin. Ga layin nan, yadda ya rubuta shi shekaru da suka wuce. Mai Waya ya ce a hankali, "Ƙarshen layi, mutumina." Bai mai da ita ƙarshen layi ba. Sunayen ya bar su yadda suke. Kalmar da ke gabansu ya goge, wadda ke cewa a jira ta farko, ya rubuta wadda ke cewa a jira kowaɗanne, ya canja adadin shaidu daga ɗaya zuwa biyu.

"Me ke nan?" in ji Darakta.

"Yanzu ba babba ba ƙarama. Uwa za ta tambaye su duka, duk biyun da suka riga amsawa sun isa. Barkono da Auta za su riƙa rigan ta kullum, sauri zai dawo. Kuma shaida ta zama biyu, a gini biyu, maimakon ɗaya. Ranar da ɗayarsu ta faɗi, tsohuwar ce za ta cike gurbi. Za a yi jinkiri, amma ba za a tsaya cik ba."

"Wannan ya fi na da ke nan."

"Ya fi."

"Tun yaushe ka san da shi?" in ji Sista.

"Shekara biyu."

"Shekara biyu! To me ya hana ka?"

Yatsansa yana kan maɓalli bai danna ba. Mai Waya ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau ya fara ganinsa.

"Za ta riƙa amsawa," in ji Baba Sanyi, "ba wanda ke jiran ta."

Sista ta dube shi. Sannan ta ce, "Ni kuma mutum ɗari biyu ke jira na a sama, rabinsu ba su karya ba. Danna, Baba."

Ya danna. Ya umarci Uwa ta sake karanta saitinta. Wayar Sista ta yi ƙara kafin ya ɗauke hannu. Daga kantin magani ne, wai sauri ya dawo, wai har ya fi jiya. Ta juya ta fita tana ba da umarni tun daga matakala.

Darakta ya tsaya yana kaɗa takardar kamfani a tafin hannu, sanyi ya fara shigarsa. Ya ce za a rubuta wa Baba Sanyi takardar gargaɗi, don abin da ya yi da safe ba wasa ba ne. Baba Sanyi ya ce ya cancanta. Darakta ya ce tsohuwar na'urar nan wata uku ya ba ta, za a sayo sabuwa ta maye gurbinta, kuma ba ya son jin wata magana. Baba Sanyi ya ce to. Daga nan Darakta ya naɗe takarda mai sheƙi ya cusa a aljihu, ya ce, "Kai ka san yadda kake zama a nan," ya haye sama yana murza hannuwa. Ɗakin kati bai samu sabon ma'aikaci ba.

Bayan mako biyu fom ɗin sayen sabuwar na'ura ya sauko. Ya cike girman faifai, ya cike inda za a ajiye ta. Gurbi ɗaya ya rage: sunan da za ta gabatar da kanta da shi. 'Ya'ya uku gare shi, duk ya rabar. Mai Waya ya ce a sa ta huɗu a huta. Baba Sanyi ya dube shi kamar ya zagi iyayensa.

Ranar Asabar da hantsi ya samu Malama tana shanya. Wata takwas ke nan da Fitila ta haihu, mace. Ranar da aka faɗa, yana bayan jarida, ya yi kamar labarin ƙasar waje ya fi damunsa. Ya yi gyaran murya.

"Yarinyar nan… me suke ce mata a gida?"

"Wace yarinya?"

"Kin sani."

"Na sani mana. Na san sunan, na san haƙoranta biyu, na san kunnenka ta ɗebo, Allah Ya ba ta haƙuri." Ta yarfa zane ta rataya. "Ba zan faɗa ba. Uwarta tana da waya, ita ke gyara su ma. Lambarta ba ta canja ba."

"Maganar aiki ce. Fom ne."

"To ka gaya mata fom ne."

Kwana huɗu fom yana aljihunsa har ya fara laushi. Ranar Laraba, lokacin cin abincin rana, ya fito daga ƙasan bene, don waya ba ta kamawa a can, ya tsaya bayan wurin wanki tsakanin zannuwan gado da aka shanya. Ya danna lambar da ka, bai duba ba. Ta yi ƙara sau shida.

"Wa ke magana?" Muryar ba ta canja ba. A bayanta ana jin titi da wani yana cinikin caja.

"Kin san ko wane ne."

"An ce kada in kira. Ba a gaya mini yadda zan yi in an kira ni ba."

"Tambaya gare ni. Ta aiki."

Ya ji ta ja hanci, ko ƙurar shago ce, wa ya sani.

"To, Baba, ina da kwastoma a gabana, na buɗe masa waya. Kada ka kashe."

"Ba zan kashe ba."

Ya gyara tsayuwa, ya mai da wayar ɗaya kunnen. Masu wanki suka wuce da baho suna kallonsa, rana tana dukansa, gumi yana bin suwaita. Minti goma sha ɗaya ya yi a wurin kafin ta dawo.